Mazurarin Haske da Waken Iya

Kun sha ba da labarin nan a gabana, musamman kai Dauda, duk Kirsimetin da ka samu baƙon da bai taɓa jinsa ba. Yadda kuke faɗinsa, wai babanku ya haɗa gwangwani da ƙyalle ya wanke mahaifiyarku daga zargi cikin yini ɗaya. Ina jin ku ina murmushi, don yabo ba ya ɗaci a kunnen tsoho. Amma yanzu da na ajiye aiki, idona kuma ya fara yi mini rowa, gara in rubuta muku yadda abin ya gudana tun ina ganin layin takarda. Akwai abin al'ajabi a ciki wanda har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Akwai kuma abin kunya, kuma ba na kowa ba ne sai nawa.

Kakarku, wadda dukanmu muke kira Iya, ta dawo wurinmu Samaru ne bayan rasuwar Baba. Ba ta zo da kaya masu yawa ba, amma ta zo da tulu guda rungume a cinya tun daga ƙauye, ta hana yaran mota su ɗora shi a sama. Irin wake ne a ciki, fari mai baƙin ido, cuɗe da toka, wanda ta ce daga hannun uwarta ta karɓe shi. Muna da 'yar gona a hanyar Shika, nan ta ci gaba da shuka shi. Ni ɗan farinta ne, saboda haka ba ta taɓa kiran sunana ba har ta koma ga Ubangiji. “Kai” take ce mini, in ranta ya ɓaci kuma “kai wannan.” Mace ce mai tsabta da tsari, mai tsoron Allah, kuma in ta yanke magana to ta yanku. Ina da furfura a gemu a lokacin, amma in ta ɗaga ido ta dube ni sai in ji na koma ɗan shekara bakwai.

Ga yadda Iya take raba wake. Roron fari, wanda ake tsinka da zarar kwanso ya bushe, ita take bugunsa, ta sheƙe, ta cuɗa da toka, ta zuba a tulu ta liƙe bakin da laka. Wannan shi ne iri, ba mai taɓa shi. Roron ƙarshe kuwa, wanda yake daɗewa a gona sai an gama da dawa an waiwaye shi, shi take ba mahaifiyarku Rahila ta zuba a buhu ta ajiye a sito don ci. Kafin Ista buhun Rahila ya zama gari, ka sa hannu ka ji ƙwari na yawo a yatsunka. A fasa tulun Iya kuwa, wake na nan garau kamar jiya aka zuba. Shekara ta farko Iya ta yi shiru. Ta biyu ta yi tsaki. A ta uku ta yanke hukunci.

“Yarinyan nan ba ta da hannun ajiya,” in ji ta. “Hannunta da zafi. Ko dutse ta ajiye sai ya yi ƙwari.”

Tun daga nan Rahila ba ta isa ta matsa kusa da tulu ba. In ta taɓa ƙwaryar awo sai Iya ta ɗauraye ta ta kife a rana. Kuna yara, kuna gani kuna dariya, har kuna tsokanarta da cewa kada Mama ta taɓa muku biredi. Ita ma tana dariyar tare da ku, amma ni da nake kwana ɗaki ɗaya da ita na san irin dariyar.

To a nan ne nawa laifin yake. Aikina a ɗakin gwaji na wani wurin binciken noma nake yinsa, kuma ba komai nake yi ba illa ƙirga ƙwarin amfanin gona. Na san ƙwaron wake tun a gona yake fara aikinsa. Uwar takan bi kwanson da ya bushe ya daɗe a tsaye ta liƙa ƙwanta a jiki, in kwanson ya tsage ta liƙa a kan ƙwayar kanta. Wanda ya fi daɗewa a gona shi ya fi kwasowa, buhu kuma ba ya hana su hayayyafa kamar yadda toka da liƙaƙƙen tulu suke hanawa. Sau ɗaya na gwada faɗa wa Iya, ina sosa ƙeya. Ta ɗebo wake a tafin hannu ta kai shi har hancina.

“Ina ƙwan? Nuna mini. Kaza ce ta shiga gonar?”

Ƙwan bai kai kan allura ba, idonta kuma ya riga ya tsufa. Na yi 'yar dariya na ce haka ne, Iya. Ban sake tayar da maganar ba har shekara bakwai.

A shekarar da nake ba ku labari, wajen ƙarshen damina, aka yi biki a ikilisiyarmu, matan zumunta suka taru a gidan amarya za su yi alale. Rahila ta sunkuya za ta surfa wake, sai Iya ta ɗaga murya a gaban mata sun fi ashirin ta ce a karɓe, kada abincin mutane ya lalace. Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Aka ba ta wanke-wanke. Da ta dawo ba ta yi kuka ba, kuma da ta yi kukan da ya fi mini sauƙi. Ta same ni a gindin mangwaro ina gyaran keke.

“Baban Dauda, zan tsaya a gama roro, don kada a ce na gudu na bar aiki. Ana gamawa zan tafi gidan Yaya a Sabon Gari. Na gaji da zama da hannun da ake ɗauraye ƙwarya saboda shi.”

Na san Rahila. Ba ta faɗin magana sau biyu. Saura mako shida ko bakwai a gama roro, kuma na san surutu ba zai yi wa Iya komai ba. Gani ya kori ji. Sai dai in sa ta ga ƙwan da idonta, ita kuwa ba za ta taka wurin aikina ta leƙa cikin madubin gwaji ba ko da za a ba ta Zariya da kewaye.

Akwai wata kyamara a ofis mai dogon gilashi na ɗaukar ƙananan abubuwa, da filashinta, wato fitilar da ake ɗora mata a ka. Na roƙi shugabana ya ba ni aro a ranakun Asabar, ya yarda. Na ɗauka abin wasa ne. Na ɗora ƙwayar wake a kan tebur, na matso da gilashi har ya kusa taɓa ta, na danna. Abin da ya fito, rabi fari fat kamar rana ta doki sabon kwanon rufi, rabi kuma baƙi ƙirin, don hancin gilashin ya tare hasken. In na kashe filashi hoto ya yi duhu ya girgiza. Na ɗaura farar leda, ba ta canja komai ba. Na liƙa takarda a fuskar filashin, haske ya ragu amma zafinsa na nan, farin tabo na zaune daidai inda ƙwan yake. Asabar biyu suka tafi a haka, Iya na wucewa tana kallona tana cewa boko dai bai bar wa mutane aikin yi ba.

Ranar Asabar ta uku na ɗauki kayan na shiga bas zuwa kasuwar Sabon Gari, layin masu ƙera gwangwani, wurin wani dattijo Malam Tanimu da yake yi mana mazurari da ma'aunin mai. Na yi masa bayani ina jin kunya, don ban san yadda zan ce ina neman hoton ƙwan ƙwaro ba. Ya juya filashin a hannu, ya danna, ya runtse ido.

“Kai, wannan ai faɗa yake yi, ba haske ba,” ya ce. “Malam Ishaya, ku 'yan Samaru da karatunku. Ka taɓa ganin mai ɗinkin hula ya zauna tsakar rana? A bakin zaure yake zama, inda haske ke shigowa ta ko'ina ba ya dukan zare. Kai rage shi kake ta yi. Ba ragewa yake so ba, shimfiɗa shi za a yi.”

Na yi shekaru ina aiki da masu digiri, ban taɓa jin wanda ya faɗi abin a taƙaice haka ba. Ya ɗauko babban gwangwanin man girki ya yanke shi da almakashinsa, ya buɗe ya daddaƙe a kan guntun ƙarfen layin dogo. Ya auna kan filashin da tsinke, ya naɗe gwangwanin ya zama mazurari, ƙaramin baki daidai kan filashin, babban baki kamar murfin tukunya. Cikin mai ƙyalli ya bar shi a ciki don ya riƙa tura haske gaba. Na nuna masa cewa abin da zan ɗauka yana dab da hancin gilashi, sai ya ƙara masa gwiwa, ya lanƙwaso bakin ƙasa ya rusuna a kan gilashin kamar mai gaisuwa, ya yanke ɗan gurbi inda gilashin zai leƙo. Ya bi gaɓoɓin da dalma, ya naɗe bakin don kada ya yanki hannu, ya yanko mini robar tayar keke ta ɗaurewa. Maƙwabtansa suka taru suna tambaya ko kakaki ne.

“Saura rufi,” ya ce. “Nemi farin abu mai shara-shara ka ɗaure a baki. Wannan kuma ba aikin maƙeri ba ne.”

Na koma gida na yanke bayan wata tsohuwar farar rigata ta zuwa sujada na ɗaura. Tabon ya tafi, na yi murna, amma sai na ga wake ya fito shuɗi-shuɗi kamar mara lafiya. Na yi ta juya maɓallan kyamara kafin in gane cewa bular da ake sa wa rigar a wanki shekara da shekaru ce take rina hasken. Da na kai wa Iya shuɗin wake, da ta ce ai ga shi nan, ba nata ba ne. Ina zaune na rasa abin yi, sai na hango ƙyallen da Rahila take tace kamu da shi a shanye a igiya. Shi ba a sa masa bula tunda na abinci ne, wanki kuma ya cinye shi har ya yi laushi. Na tambaye ta ko za ta ba ni. Ta dube ni, ta dubi gwangwanin, ta ciro shi daga igiya ta miƙo mini. Na ninka shi biyu, na sa zoben waya a tsakani don a sami tazarar yatsa guda tsakanin ninki da ninki, na ɗaure da roba.

Ban san yadda zan gaya muku abin da na gani a bayan kyamarar nan ba. Shekara ashirin da wani abu ina ƙirga ƙwan nan, ɗigo-ɗigo ne kawai a wurina, in ƙirga in rubuta in tashi. Ran nan na ga ashe ban taɓa ganinsa ba. Haske ya kwanta a kan ƙwayar ta kowane gefe, babu tabo babu inuwa. Fatar waken da nake ɗauka sumul ce ashe duk kunya-kunya ce kamar gonar da aka yi wa huɗa. A kanta ga ƙwan zaune, an liƙa shi da kyau, gefe ɗaya da faɗi gefe ɗaya da ɗan tsini, garai-garai har kana hango ɗan abin da ke kwance a ciki. Na ajiye kyamarar a hankali. Na tuna cewa a buhu guda akwai irinsa ba iyaka, kowanne an yi shi da wannan kulawa, ba don wani zai gani ba. Tsoron Allah ya kama ni a tsakar gida da rana tsaka, kaji na kiwo a gefena.

Na jira roron ƙarshe. A shekarar Rahila ba ta taka gonar ba ko sau ɗaya, Iya ce ta hana. Ranar Asabar Iya ta dawo da kwandonta wajen azahar, aka yi sa'a akwai wuta. Na durƙusa na ce ina roƙon ta zaɓo mini ƙwaya ɗaya da hannunta daga kwanson da ya tsage, ta kuma yi mata alama yadda ba za a musanya ba. Ta harare ni, amma son ganin ƙarshen haukata ya rinjaye ta. Ta zare allurar da take maƙalawa a ɗankwali ta ɗan karci ƙwayar kusa da baƙin idon waken. Na duba da ɗan madubina na ƙara girman abu, na ga Allah ya taimake ni, akwai ƙwai har biyu. Na ɗauki hoton, na jona kyamarar da talabijin ɗin falo. Kuna zaune a ƙasa, mahaifiyarku na tsaye a bakin ƙofa da ludayi a hannu.

Ƙwayar wake ta cika talabijin. Iya ta ja da baya.

“Wannan wace irin ƙwarya ce?”

“Wakenki ne, Iya. Ga inda kika karta.”

Karcin allurar ya fito kamar kwazazzabon da ruwa ya ci. Ta tashi ta je har gaban gilashin, ta bi shi da yatsa tun daga farko har ƙarshe. Ta dawo tebur ta ɗauki ƙwayar ta kai ta kusa da ido, ta sake komawa. Sau uku tana wannan zirga-zirga. Sannan yatsarta ta tsaya a kan ƙwan.

“Wannan fa?”

“Shi ne ƙwan. Tun a gona uwar ta liƙa shi. In ya ƙyanƙyashe ɗan ya huda ya shige ciki, ya ci ya girma, sai a sito ya fito.”

Ana cikin haka wani ƙwaro ya fito daga kwandon yana tafiya a kan tebur, na bi shi na ɗauki hotonsa. Da ya bayyana a talabijin, ke Talatu kika yi ihu kika ɓuya a bayan kujera. Abin da muke murjewa da yatsa ba mu ko duba ba, ga shi da gashi lallausa a baya, da zane baƙi da ja an jera kamar aikin mai saƙa, idonsa kuma an tsara shi ƙwaya-ƙwaya ba wadda ta kauce. Iya ta zauna a ƙasa, ita da ba ta zama a ƙasa a gaban yara. Ta rufe baki da hannu.

“Allah mai iko,” ta ce a hankali. “Har da ado aka yi masa. Wa zai gani da aka yi masa ado?”

Sai ta juya ta dubi Rahila a bakin ƙofa, ta dubi kwandon da ita kaɗai ta taɓa, ta sunkuyar da kai. Tun daga ran nan Iya ba ta ƙara cin wake ba, ita da ƙosai ne karin kumallonta tun tana budurwa. Ta ce ba ƙyama ba ce, ba za ta iya tauna abin da ta ga an yi wa wannan aiki ba.

A nan kuke tsayar da labarinku. Ni ma a nan na so ya tsaya. Da la'asar na sami Rahila a kicin tana tankaɗe, na tsaya ina jiran godiya, har da ɗan gyaran murya. Ba ta ɗago ba.

“Baban Dauda, yaushe ka san da ƙwan nan?”

Na so in yi ƙarya, amma bakina ya ƙi. Na ce tun kafin in aure ta.

“Iya ba ta gani ba ne, shi ya sa,” ta ce. “Kai kana gani.”

Washegari bayan an taso daga sujada ta ɗauki jakarta ta tafi Sabon Gari kamar yadda ta faɗa. Mun ce muku matar kawunku ce ba lafiya, ta je jinya. Ba wanda yake ciwo a gidan nan. Kwana tara ta yi, ni kuwa kullum ina cewa gobe zan je, ina tsara maganar da zan faɗa ina rushewa. A rana ta tara da safe na fito na tarar da Iya ta yi wanka ta ɗaura zanenta na zuwa sujada, tana neman takalmi. Matar da ba ta taɓa shiga motar Sabon Gari ita kaɗai ba. Ashe ta ji abin da aka faɗa a kicin, katangar ba ta da kauri. Na ce ta dakata in sa riga in raka ta, ai ni ya kamata in je.

Ta gama sa takalminta, ta gyara mayafi, sannan ta dube ni irin kallon nan.

“Ni na kore ta da rashin sani, ni zan je in ba ta haƙuri. Kai wannan, zauna. Ai ka iya zama.”

Na kuwa zauna.